Yadda Za Ka Canza Tiyon Lagireto da Hannunka: Jagora ga Masu Mota a Jidda, Makka da Madina

Tun da zafi ya kama, tambaya ɗaya ke ta dawowa daga 'yan uwa mazauna Jidda, Makka da Madina: tiyon lagireto ya kumbura, ko yana ɗiga a bakin kilif, wato zoben ƙarfen da ke ɗaure tiyon, shin mutum zai iya canza shi da kansa ko dole sai an kai sana'iyya, unguwar makanikai? Zai iya. A irin motocin da suka fi yawa a hannun mutanenmu, su Corolla, Camry, Yaris, Accent, Elantra da Hilux, aikin awa biyu zuwa uku ne ga wanda bai taɓa yi ba. Cire tsoho da sa sabo ba shi ne mai wuyar ba. Inda ake yin ɓarna wuri uku ne: wuyan lagireto da ake fasawa garin cirewa, kilif da ake ɗaurewa ba a mazauninsa ba, da iskar da ake bari a cikin inji bayan an zuba ruwa. Nan za mu fi tsayawa.

Idan motarka mai haɗin fetur da lantarki ce, kamar Camry Hybrid, tana da hanyar ruwa ta biyu da ke sanyaya kayan lantarkin, kuma injinta na iya tashi da kansa. Wannan jagorar ba tata ba ce.

1. Tabbatar tiyon ne, sannan ka gano abin da ya kashe shi

Da safe, inji na sanyi, ɗaga bonet. Manyan tiyo biyu ne: na sama mai kai ruwan zafi daga inji zuwa lagireto, da na ƙasa mai mayar da shi bayan ya huce. Akwai kuma ƙanana: biyu masu shiga jikin mota ta bayan inji zuwa hita, da siriri mai zuwa tulun ruwa na filastik.

Matsa kowanne da babban yatsa da manuni, musamman kusa da bakinsa, kamar santimita 5 daga kilif. A nan tiyo ke fara ruɓewa, kuma daga ciki yake farawa, shi ya sa za ka ga bayansa sumul alhali cikinsa ya tsage. Lafiyayyen tiyo yana da tauri kaɗan, yana dawowa da ka saki. Wanda ya yi laushi kamar burodin da ya jiƙe, ko ya ƙame kamar itace, ko ka ji yana ƙaras-ƙaras a ciki, ya gama aiki. Haka wanda ya yi ƙullutu a gefe guda, ko aka ga busasshen ɓawo fari, ja ko kore a bakinsa.

Kada ka tsaya nan. Tiyo yakan mutu don tsufa, amma wani lokaci wata cuta ce ke kashe shi, kuma za ta kashe sabon ma:

Idan ya kumbura ya yi danƙo, duba ko mai na ɗiga a kansa. Robar da ake yin tiyon ruwa da ita tana jure zafi, ba ta jure man inji ba. Sai an toshe inda man ke fitowa.

Idan ka same shi da safe a shanye, ya lotse kamar an tsotse shi, murfin lagireto ne. Akwai ɗan bawul a jikinsa da ke barin ruwa ya komo daga tulu idan inji ya huce. Idan ya maƙale, tiyo ne ke lotsewa.

Idan kuwa minti biyu ko uku bayan tayar da inji mai sanyi tiyon sama ya yi tauri kamar tayar keke, ko kumfa na tasowa a bakin lagireto ba tsayawa, ko ka ga farin abu mai kama da madara a cikin murfin man inji, to gasket ɗin kan inji ake zargi. Ajiye filaya. Wannan ya wuce canjin tiyo, na makaniki ne.

2. Sayayya: abin da za ka ce a shagon kayan gyara

Tafi da lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, tana cikin istimara, wato takardar rajistar motar. Kada ka dogara da "Camry 2015" kawai, domin shekara ɗaya na iya samun inji iri biyu, kuma lanƙwasar tiyonsu ta bambanta. Ɗauki hoton tiyon a wayarka ma.

Sunayen da masu shago suka sani: tiyo shi ne "layy" ko "hoz", na sama "fog", na ƙasa "taht". Kilif "gafiz" ne. Murfin lagireto "gaɗa radetar", tulun ruwa "girba", tamostat kuma, bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya yi zafi, "balf harara". Za a tambaye ka "asli" ko "tijari", wato na kamfanin motar ko na kasuwa. Na kasuwa a ƙananan motocin Japan da Koriya 'yan gomomin riyal ne, na asali kuwa yakan ninka shi biyu ko uku. Tambayi ko kuɗin da aka faɗa maka ya haɗa da harajin kashi 15, don kada ka sha mamaki a wurin biya. Ra'ayinmu a nan: tiyo ba wurin tsimi ba ne ga wanda ke bin hanyar Makka zuwa Madina, kilomita ɗari huɗu da ɗoriya cikin rana. Idan aljihu bai kai na asali ba, a nemi na sanannen kamfani irin Gates, a guji wanda ba suna ba lamba. Na tashlih kuwa, inda ake sayar da kayan matattun motoci, kada ma a fara. Can wurin neman ƙofa da fitila ne, robar da ta shekara tana gasuwa a rana ba ta da sauran rai.

Canza na sama da na ƙasa tare. Shekarunsu ɗaya, zafin da suka sha ɗaya, kuma ruwan da za ka tsiyaye ɗaya ne. Ƙara murfin lagireto a kai, bai da tsada. Duba lambar da ke saman tsohon, yawanci 0.9 ko 1.1, ka sayi daidai ita. Wanda ya fi ƙarfi yana ɗora wa tiyo da lagireto matsin da ba a yi su dominsa ba, wanda ya gaza kuma yana sa ruwa tafasa da wuri.

Ruwan lagireto: ƙananan motoci na cin lita 5 zuwa 7, don haka galan biyu masu lita 4 sun isa har da ragowar ciko. Sayi irin wanda littafin motar ya ce. Na Toyota mai ruwan hoda, Super Long Life, a haɗe yake zuwa rabi da rabi, ba a ƙara masa ruwa. Wanda aka rubuta mai kauri ne, shi ake haɗawa rabi da rabi da tataccen ruwa, "ma' mugaɗɗar".

Gargaɗi: launi ba shi ne nau'i ba. Akwai galan mai araha da ruwa ne kawai da rini. Karanta jikin galan ka ga kashi nawa ne sinadarin da ke ciki. Kuma ruwan famfo, na wayit (tankar ruwa) ko na kwandishan ba sa maye gurbinsa. Wasu na cewa ƙasar nan ba ƙanƙara, me za a yi da maganin daskarewa? Ai ba don sanyi kaɗai aka yi shi ba. Shi ke hana tsatsa cin alminiyom, kuma haɗin rabi da rabi a ƙarƙashin murfi mai kyau ba ya tafasa sai ya haura digiri 120.

A gama sayayya tun ranar Alhamis. Ba daɗi ka kwance mota safiyar Juma'a, kilif ɗaya ya karye, shaguna kuma a rufe har bayan La'asar.

3. Kayan aiki

Babbar filaya mai buɗe baki, ko filayar kilif mai dogon waya idan za ka samu aro, ita ke kai wa lungun tiyon ƙasa. Sukundireba mai faɗi, soket lamba 7 ko 8 don kilif mai kusa (wanda ake ɗaurewa da sukuru), sifana lamba 10, wuƙar reza, baho mai faɗi da zai ɗauki lita 8, mazurari, soson ƙarfe mai laushi irin na wanke-wanke, tsummoki, tocila, safar hannu, leda, da alƙalamin fenti ko farin tef.

4. Lokaci, wuri da sanyin inji

Bayan sallar Asuba shi ne lokacin. Motar ta kwana, inji ya huce sarai, rana ba ta fito ba. Ajiye ta a shimfiɗaɗɗen wuri, ja birkin hannu. Idan sai ka ɗaga gaba kafin ka kai ga ƙasa, sa ƙafafun ƙarfe. Jak kaɗai ba abin shiga ƙarƙashinsa ba ne.

Cire kan baturi mai alamar ɗebewa da sifana lamba 10. A wasu motoci fankar lagireto na iya tashi ko da makulli na aljihunka, kuma hannunka zai yini kusa da ita.

Gargaɗi: kada a buɗe murfin lagireto da zafi, ko da tsumma. Ruwan da ke ciki yana iya wuce digiri 100, matsi ne kawai ya hana shi tafasa; da ka saki murfin zai yi tsiri ya wanke maka fuska da hannu. Motar da aka kashe da azahar a Makka tana iya kai awa uku ba ta huce ba. Ma'auni shi ne ka riƙe tiyon sama da hannu tsirara ka ji shi sanyi kuma ba tauri.

Kafin ka taɓa komai, ɗauki hotuna ta kowane gefe: ina tiyo ya bi, ina kunnen kowane kilif ke kallo, wace waya ce aka maƙala a jikinsa.

5. Tsiyaye ruwan

Sa baho a ƙarƙashi. A kusurwar lagireto ta ƙasa, ta ɓangaren inji, akwai ɗan mabuɗi na filastik mai kunne biyu. Wasu motoci sai an cire murfin filastik na ƙasan mota kafin a gan shi. Murɗa shi da yatsu, zagaye biyu ko uku, ba sai ka fitar da shi gaba ɗaya ba. Sannan buɗe murfin lagireto na sama, ruwan zai zubo da ƙarfi. Idan mabuɗin ya ƙi, kada ka kama shi da filaya ka yi ta kokawa. Tsohon filastik ne, kunnen zai ɓalle ya bar sauran a ciki. Gara ka sassauta tiyon ƙasa a hankali ka tsiyaye ta nan, sai dai ka shirya wa fantsama.

Duba abin da ya fito. Idan launinsa garau ne kuma bai daɗe ba, ana iya tacewa a mayar. Idan yana da tsatsa, cika da tataccen ruwa bayan ka gama, bar inji ya yi zafi, bari ya huce, tsiyaye, har sai ya fito fes, kana ka zuba sabo.

Gargaɗi: ruwan nan guba ne, kuma yana da zaƙi. Kaɗan ya isa ya lalata ƙodar yaro ko ya kashe kyanwa, ga shi unguwanninmu cike suke da su biyun. Kada ka bar baho a buɗe, kada ka juye shi a gorar ruwan sha. Zuba shi a tsohon galan, rubuta a jiki, kai wa masu canjin mai. Abin da ya zube a ƙasa a tsane shi da yashi ko tsumma.

Rufe mabuɗin da zarar ruwan ya tsaya, yanzu, kafin ka manta. Da yatsu kawai.

6. Janye kilif

Iri biyu ne. Na masana'anta mai sifirin ne, yana da kunnuwa biyu ko uku: kama kunnuwan da filaya, matse, ja shi baya kan jikin tiyo kamar santimita 5, sannan ka saki a hankali. Yana da ƙarfi, idan ya kuɓuce yana iya tsaga yatsa, don haka kawar da fuska. Na biyu mai kusa ne, ana kwance shi da soket. Soket ya fi sukundireba domin ba ya zamewa ya huda lagireto.

Idan altaneta, na'urar da ke cajin baturi, na ƙarƙashin tiyon da za ka cire, rufe ta da leda. Sauran ruwan da ke cikin tiyon a kanta zai sauka.

Gargaɗi: a mota mai giya otomatik akwai sirara biyu da ke shiga ƙasan lagireto. Man giya ne a cikinsu, ba ruwa ba, bar su. Bututun alminiyom masu sanyi ko zafi da ke zuwa gaban lagireto kuma na kwandishan ne, iskar gas ce a ciki mai matsi sosai. Ba ruwanka da su.

7. Raba tiyo da wuya

Nan ne ake asarar lagireto. Saman lagireton motocin yanzu da wuyansa filastik ne, kuma bayan shekaru a zafin Hijaz yakan bushe ya zama kamar biskit. Tiyon kuma ya manne masa kamar an sa gam.

Kada ka ja, kada ka girgiza sama da ƙasa. Kama tiyon daidai kan wuyan, murɗa shi hagu da dama kaɗan-kaɗan har ka ji ya saki, sannan ka zare shi a miƙe yana murɗawa. Idan ya ƙi murɗuwa da hannu, kada ka cusa sukundireba tsakaninsa da wuyan ka banƙara. Tunda jefar da shi za ka yi, yanka shi. Ja reza a tsawonsa daga baki zuwa bayan wuya, a hankali, sau biyu ko uku, kana ƙara zurfi har zaren ciki ya bayyana, sannan ka ɓare shi kamar ɓawon lemo. Kada rezar ta kai ga wuyan. Tsagi ɗaya a tsawon wuya hanya ce da ruwa zai riƙa bi har abada, kome ƙarfin kilif.

Tiyon hita sun fi wannan haɗari. Bututun da suke hawa sirara ne, kuma suna haɗe da wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye bayan dashbod. Idan ka karya ɗaya, sai an kwance gaban motar daga ciki, aikin kwana guda da kuɗi masu yawa. A nan kada ma ka gwada murɗawa da ƙarfi, yanka kai tsaye.

Motocin Jamus da wasu na Amurka suna da wani salo: bakin tiyon filastik ne mai zoben roba a ciki, da ɗan ƙarfe mai riƙe shi. Ɗaga ƙarfen da sukundireba, ja a miƙe. Ba a murɗa irin wannan, yana da tsagin da yake zama.

8. Gyara wuyan kafin sabo ya hau

Goge ragowar roba da ɓawo. Wuyan ƙarfe ko alminiyom a sa masa soso mai laushi har ya yi santsi. Na filastik tsumma ya isa. Haska tocila ka duba. Kowane wuya yana da ɗan tudu zagaye da bakinsa, shi ke hana tiyo zamewa. Idan tudun ya gutsure, ko filastik ɗin ya koma ruwan ƙasa yana marmashewa a farce, ko akwai siririn tsagi, lagireton ya tashi aiki. Sabon tiyo a kan irin wannan wuya yakan fita a kan hanya, ruwa ya ƙare cikin minti ɗaya. Idan na alminiyom ya yi ramuka masu zurfi, a canza wannan ɓangaren, yawanci kusoshi biyu ko uku ne.

A yawancin motocin Toyota tiyon ƙasa na ƙarewa ne a gidan tamostat. Tunda ruwa ya riga ya fita, wannan ne lokaci mafi sauƙi na canza shi, da sabon zoben robarsa, ɗan ƙaramin bawul ɗin da ke gefensa yana kallon sama. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne al'adar cire tamostat gaba ɗaya wai don ƙasar zafi ce. Yana buɗewa ne a wajen digiri 82. Idan babu shi inji na daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, yana shan mai fiye da ƙima, kuma ainihin abin da ke sa motar zafi yana nan ba a taɓa shi ba.

9. Sa sabon tiyo

Jera sabo da tsoho a ƙasa. Tsawo, faɗin baki da lanƙwasa su zo ɗaya. Bakunan biyu ba lallai faɗinsu ɗaya ba, kuma sau da yawa akwai ɗigon fenti ko kibiya mai nuna gefen da ke kallon sama ko inji. Idan tsohon yana da rigar kariya a inda yake gogar wani abu, ko waya mai murɗe a cikinsa, mayar da su kan sabon in bai zo da nasa ba.

Zura kilif biyun a jikin tiyon tukuna, kunnuwansu na kallon inda filaya za ta kai gobe. Mutane da yawa sai sun gama tura tiyo suke ganin kilif a ƙasa.

Shafa ruwan lagireto a cikin bakin tiyon da kan wuya, shi ne man shafawarsa. Ban da giris, ban da man inji, ban da feshin kwance tsatsa, duk suna cin robar. Ban da silikon kuma. Yana sa tiyo santsi ya zame, guntayensa kuma su shiga su toshe lagireto. Tura har tiyon ya wuce tudun ya dangana da madakatarsa. Sa bakin da ya fi wuyar kaiwa da farko. Bayan duka biyun sun hau, duba kada ya murɗe ko ya lanƙwashe, kuma a sami aƙalla faɗin yatsa tsakaninsa da fanka, bel da bututun hayaƙi.

10. Mazaunin kilif

Kilif na zama bayan tudun wuya, tsakanin tudun da ƙarshen tiyo, a bar kamar milimita 5 na roba a waje. Lalubo tudun da yatsa ta saman robar kafin ka saki kilif. Idan ya hau kan tudun zai karkace ya yi ɗiga. Idan ya tsaya gaban tudun, inda ba wuya a ƙarƙashi, roba kawai yake matsewa, kuma tiyon zai fita da zarar matsi ya taru.

Wanne ya fi? A wuyan filastik, mai sifirin. Roba na kumbura da zafi ta koma da sanyi, shi kuma yana binta, matsinsa ba ya canzawa. Da yawa na jefar da shi su sa mai kusa don ya fi sauƙin ɗaurewa, sai ga ɗiga da sanyin safiya bayan wata guda. Idan na asalin bai yi tsatsa ba kuma da ƙarfinsa, mayar da shi. Idan dole sai mai kusa, ɗaure har robar ta fara tasowa kaɗan a gefensa, ka tsaya. In ta fara fitowa ta ramukan kilif ɗin, ka wuce. Ƙarin zagaye ɗaya na iya tsaga wuyan a ɓoye.

11. Cikawa

Tabbatar mabuɗin ƙasa a rufe yake. Idan da hali, sa gaban motar ya ɗan fi bayanta tudu, iska na neman sama ne. Wasu injina suna da kusar fitar da iska kusa da gidan tamostat ko a kan tiyon sama. Sassauta ta, ka rufe idan ruwa ya fara fitowa ba kumfa.

Zuba a hankali, kamar mai zuba mai a kwalba. Gaggawa ke kulle iska a ciki. Idan ya kawo baki, matsa tiyon sama da na ƙasa sau goma-goma, za ka ji ƙul-ƙul, ruwan ya sauka, ka ƙara. Cika tulu zuwa layin sama. Ƙirga litar da ta shiga ka gwada da wadda ta fita. Idan ka fitar da biyar amma uku da rabi suka shiga, sauran gurbin iska ce.

12. Fitar da iska

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, shi ne kuma ke ƙona inji. Iskar da ta maƙale a kan inji tana hana ruwa taɓa wurin da ya fi zafi. Mafi muni, idan ta taru a kan na'urar auna zafi, allurar zafi da ke dashbod na iya nuna lafiya alhali ƙarfe na gasuwa.

Mayar da kan baturi, cire ledar altaneta, kwashe kayan aiki daga cikin inji. Bar murfin lagireto a buɗe da mazurari a bakinsa. Kashe kwandishan, domin yana tayar da fanka ya ruɗa ka. Murɗa hita zuwa ƙarshen zafi, iskarta a lamba ɗaya. E, hita a Jidda, da gumi da komai. Ita ce shaidarka cewa ruwa ya zaga ko'ina.

Tayar da inji ka bar shi a tsaye. Kumfa za ta riƙa fitowa. Bayan minti goma zuwa ashirin tamostat zai buɗe: ruwan zai faɗa ƙasa farat ɗaya, tiyon da ke sanyi ya ɗauki zafi. Ƙara ruwa nan take. Taka mai har agogon juyin inji ya kai 2,000 ko 2,500 na daƙiƙa talatin, saki, maimaita sau uku ko huɗu. Jira fanka ta tashi ta tsaya sau biyu. Idonka na kan allura duk tsawon lokacin, in ta haura rabi tana ci gaba, kashe inji, bari ya huce, sake daga matakin cikawa.

Alamun an gama: kumfa ta daina, hita na busa zafi sosai ba ɗumi-ɗumi ba, manyan tiyo biyu duk da zafi. Idan hita na busa sanyi, ko kana jin ƙarar ruwa na gudu a bayan dashbod, da sauran iska.

Gargaɗi: a nan inji na aiki, fanka na tashi ba sallama. Naɗe hannun jallabiya, cire shimagi ko rawani, kada wani abu ya yi lilo kusa da bel. Idan ruwan ya fara tumbatsa daga mazurari, kashe inji ka ja baya.

Kashe inji, cika zuwa baki, rufe da sabon murfi har ya kai maƙurarsa ta biyu. Motar da ba ta da murfi a kan lagireto, tulunta ne mai matsi, duk wannan a bakin tulun ake yi.

13. Gwaji da kwana ukun farko

Wanke inda ruwa ya zuba, ka tsane, don kada tsohon jiƙo ya ruɗe ka. Zaga unguwa minti goma sha biyar da kwandishan a kunne. Dawo ka haska kowane baki da tocila, ka goga farin tishu a ƙarƙashin kowane kilif. Ɗigon da ido bai gani ba zai nuna a tishu. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta kwana a kai.

Washegari da safe, kafin tayarwa, buɗe murfin lagireto ka duba, ba tulu kaɗai ba. Saukar rabin lita a ranar farko ba abin tsoro ba ne, ragowar iska ce ta fita ruwa ya maye gurbinta. Cika, ka yi wa tulu alama da fenti. Rana ta biyu ya kamata saukar ta ragu sosai, ta uku ta tsaya. Idan har rana ta huɗu yana sauka, akwai inda yake fita: sake duba mazaunin kilif, mabuɗin ƙasa, da ƙarƙashin famfon ruwa, wanda masu shago ke kira "ɗurumba". Kilif mai kusa a ƙara masa rubu'in zagaye bayan zafi da sanyi na farko, inji na sanyi.

Kada ranar farko ta zama ranar hawan Hada zuwa Ɗa'if ko ɗaukar iyali zuwa Madina. Bari kwana ukun su cika a cikin gari, sannan ka sa ragowar galan da filaya a but kafin ka hau babbar hanya.